Karnuka a Gidajen Abinci: A Tsara Wurin Tun Unguwa Tana Ginuwa

Zuwa ga Edita,

Bayan gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri gare ka da dukan ma'aikatan wannan jarida mai farin jini, ina roƙon ka ba ni fili in yi tsokaci a kan wani al'amari da ya fara zama ruwan dare a sababbin unguwannin da ke tasowa a gefen manyan birane, wato yadda gidajen shan shayi da gahawa da gidajen abinci suke liƙa sanarwa a ƙofa cewa mai kare yana iya zuwa da karensa. Ba na cikin masu neman a haramta wannan gaba ɗaya, domin na san buƙata ce ta haifar da shi, amma na lura ana yin abin ne kara-zube, kowane mai gida yana yanka wa kansa ƙa'ida ko kuma ya zauna babu ƙa'idar kwata-kwata, alhali hukumomin da ke ba da izinin gini da lasisin sayar da abinci suna kallo kamar ba ruwansu.

Dalilin yaɗuwar abin ba a ɓoye yake ba. A unguwar da ke girma da sauri, filaye ƙanana ake yankawa, gidajen bene suna yawaita, kuma da yawa daga cikin masu tarewa ba su da tsakar gidan da kare zai yi guje-guje a ciki, saboda haka dole mai kare ya fita da shi safe da yamma ko da yana so ko ba ya so. Mutumin da zai bi titi ɗaya sau biyu a rana, ko ana ruwa ko ana rana, shi ne abokin cinikin da kowane sabon gidan shayi yake mafarkin samu, tun da ba ya fashi, kuma idan ya saba da wuri da wuya ya sauya. Ga kuma abin da ya faru daga shekarar 2020, lokacin da annobar korona ta sa birane da dama suka ba gidajen abinci damar jera tebura a waje, mutane masu yawa suka koma yin aiki daga gida, wasu kuma suka ɗauki kare don ɗebe kewa. Annobar ta wuce, teburan waje da karnukan suka zauna.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne yadda sanarwar nan take tsayawa a kan allon ƙofa kawai. Na taɓa zama a barandar wani gidan shayi irin wannan, wadda faɗinta bai wuce a jera tebura layi biyu ba, inda wani ya zo da kare ɗaure da irin igiyar nan mai miƙewa da kanta, ya maƙale hannunta a ƙafar kujera ya duƙufa a kan wayarsa. Karen ya bi ƙamshi zuwa teburin da ke ɗaya gefen, igiyar ta miƙe ta tsallaka hanyar da ma'aikata ke bi a daidai idon sawu, sai ga wata yarinya mai kai abinci ta fito da tire cike da kofunan shayi mai zafi, dole ta ɗaga ƙafa ta tsallake igiyar idonta a kan kofunan. Da ta dawo, karen ya tare ta yana kaɗa wutsiya, ta sunkuya ta shafa kansa, ya lashi hannunta, ta miƙe ta wuce kai tsaye ta ɗauko farantin wani. Babu wanda ya yi mugun nufi a cikinsu, kuma babu abin da ya zube a ranar, amma a bayyane yake cewa ba wanda ya taɓa zaunar da yarinyar ya faɗa mata abin da za ta yi idan kare ya taɓa ta, ba wanda kuma ya faɗa wa mai karen tsawon igiyar da aka yarda da ita.

Ƙasashen da suka riga mu shiga wannan lamari sun daɗe da rubuta amsoshin waɗannan tambayoyi. Dokar tsaftar abinci ta Tarayyar Turai mai lamba 852 ta shekarar 2004 ta wajabta wa masu sana'ar abinci su hana dabbobin gida isa wuraren da ake dafa abinci ko sarrafa shi ko ajiye shi, shi ya sa a Ingila, alal misali, shigar kare ɗakin cin abinci zaɓin mai wurin ne, amma kicin da sito ba su cikin zaɓin. Ostareliya ta gyara ƙa'idojin abincinta a 2012 ta yarda a zo da kare wurin cin abinci na waje idan mai wurin ya amince. A Amurka, jihar Kalifoniya ta yi doka a 2014 wadda ta fara aiki a farkon 2015, jihar Niyok (New York) ta biyo baya a 2015, sannan a 2022 hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar, FDA, ta saka a kundin ƙa'idojinta cewa ana iya barin karnuka a wuraren cin abinci na waje idan hukumar yankin ta amince.

Dokar Kalifoniya ce na fi so masu wannan sana'a su duba, domin ta sauko kan ƙananan abubuwan da ake rainawa. Ta ce dole a sami hanyar shiga ta waje daban, yadda kare zai isa baranda ba tare da ya ratsa cikin gidan abincin ba. Ta hana kare hawa kujera ko benci, ta ce ya kasance ɗaure da igiya ko a cikin kejin ɗaukarsa, ta hana ma'aikatan abinci taɓa shi lokacin aiki, wanda kuma ya taɓa ya wanke hannu. Har ma ta faɗi cewa ruwa da abincin da za a ba kare a zuba su a mazubin da ake amfani da shi sau ɗaya a yar, don kada kwanon kare ya koma wurin wanke-wanke ya gamu da faranti. Wanda ya karanta waɗannan sharuɗɗa zai ga cewa babu wanda ke buƙatar kuɗi mai yawa a cikinsu in ban da na farko, wato hanyar shiga ta daban, kuma a kansa ne nake son mu tsaya.

Ƙofa ta biyu, da faɗin baranda, da famfon ruwa a waje, da ƙasa mai gangare zuwa magudana yadda za a iya wanke fitsari nan take, da inuwa, da ƙugiya a jikin bango ko turke a ƙasa inda za a ɗaure igiya nesa da hanyar ma'aikata, duka abubuwa ne masu sauƙi idan an saka su a zanen gini, masu tsada da wahala kuma idan an riga an zuba kankare an jera shaguna kafaɗa da kafaɗa. A tsohuwar unguwa mai gidan abinci yana iya cewa haka ya tarar da ginin, amma a unguwar da har yanzu ake haƙa harsashi babu wannan uzuri, kuma dama an ce tun ran gini, tun ran zane. Saboda haka nake ganin hukumar tsara birane ce ya kamata ta fara magana kafin jami'an duba-gari. Idan za a amince da jerin shagunan da aka san za su zama gidajen abinci, a tambayi mai ginin tun a takarda ko yana nufin a zo da karnuka, idan ya ce e, a nuna masa faɗin da zai bari tsakanin teburin ƙarshe da hanyar masu tafiya a ƙasa, domin uwa mai tura keken jariri da mai keken guragu ba su kamata su sauka kan kwalta don kauce wa kare ba. Wannan magana ta ƙarshe tana damuna ƙwarai, domin sau da yawa barandar da ake alfahari da ita ta ci rabin hanyar jama'a, kuma wanda ke wucewa bai zaɓi ya zama abokin ciniki ba balle a ce ya yarda da sharuɗɗan wurin.

Akwai kuma mutanen da ba a jin muryarsu a wannan muhawara, domin ba sa yin faɗa, juyawa kawai suke yi su tafi. Wasu kare ya taɓa cizonsu suna yara, tsoron bai bar su ba. Wasu jikinsu ba ya jituwa da yawun kare da ɓurɓushin fatarsa, har ya kan tayar musu da atishawa da borin jini ko ciwon asma, kuma babu wani jinsin kare da ya rabu da wannan gaba ɗaya, komai abin da masu sayar da 'yan kwikwiyo suka faɗa. Wasu kuma addininsu ne ya sa suke kiyaye tufafinsu daga yawun kare. Sabuwar unguwa ta kan tara mutane daga wurare dabam-dabam waɗanda ba su san halin juna ba tukuna, kuma mai gidan abincin da yake ƙirga masu karnukan da suka ƙaru masa ba shi da hanyar ƙirga iyalan da suka leƙo suka koma. Ware ɓangare guda na waje ga masu karnuka, tare da barin ciki da wani sashe na baranda ga sauran jama'a, yana riƙe masa duka biyun.

Batun cizo bai kamata a yi wasa da shi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe kimanin mutum 59,000 a kowace shekara, mafi yawansu a Asiya da Afirka, kusan kashi 99 cikin 100 na masu kamuwa daga kare suke samunsa, kuma kimanin kashi 40 cikin 100 na waɗanda abin ke shafa yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. A garin da ba a kawar da wannan ciwo ba, sanarwar maraba da karnuka wadda ba ta ambaci allurar rigakafi ba ganganci ce. Ko a inda aka kawar da shi, yaro ƙarami da ke rarrafe ko tafiya tsakanin tebura fuskarsa tana daidai da bakin kare, kuma kare mafi ladabi yana iya kai cizo idan an taka masa wutsiya ko an miƙa hannu kusa da abin da yake ci.

Wajibi ne kuma a bambanta karen da ake kiwo don sha'awa da karen da aka horar ya yi wa makaho ja-gora ko ya taimaka wa mai wata naƙasa. A Amurka dokar masu naƙasa ta 1990 ta ba irin wannan kare damar shiga duk inda abokan ciniki ke shiga, kuma tambaya biyu kawai aka yarda ma'aikaci ya yi idan abin bai bayyana ba: ko ana buƙatar karen saboda naƙasa, da kuma wane aiki aka horar da shi ya yi. A Birtaniya dokar daidaito ta 2010 ta ba da kariya makamanciyar wannan. Abin takaici shi ne, barandar da ta cika da karnukan da ba su da horo tana cutar da mai karen ja-gora fiye da kowa, domin haushi da shinshinar sauran karnuka suna ɗauke hankalin dabbar da rayuwarsa ta dogara a kan nutsuwarta.

Shi kansa karen ba kullum yake jin daɗin wannan fita ba. Ba ya yin gumi a jiki kamar mutum, da haki yake rage zafi, siminti ko kwaltar da rana ta gasa kuma tana ƙona masa tafin ƙafa. Cakulan da inabi da zabibi da albasa da tafarnuwa duka suna cutar da shi, haka ma sinadarin zaƙin nan zailitol da ake sakawa a cingam da wasu kayan zaƙi marasa sukari, wanda kaɗan daga cikinsa yana iya kai kare ga likitan dabbobi cikin gaggawa. Ƙarƙashin teburin gidan abinci kuwa wuri ne da irin waɗannan ke faɗuwa, kuma ba a rasa mai tausayin da zai jefa wa karen wata loma ba tare da ya tambaya ba. Mai karen da ya ga dabbarsa tana haki, tana lasar leɓe, ta cusa wutsiya tsakanin ƙafafu, ya kamata ya biya kuɗinsa ya tashi.

Roƙona ga hukumomi shi ne su mayar da wannan izini rubutacce, wanda ake nema tare da lasisin sayar da abinci, ana kuma iya janye shi, kuma a tilasta wa duk wanda ya samu ya kafa allo mai faɗin sharuɗɗan a fili: inda kare zai zauna, gajeriyar igiya, shaidar rigakafi, wanda zai kwashe kashi, da ikon ma'aikaci ya sallami mai karen da ya ƙi bin doka ba tare da ya ji tsoron maigidansa zai tsawata masa ba. Kai kuma, Malam Edita, ina roƙon ka tura wakilinka ya tambayi hukumar tsara birane da sashen duba-gari wanne ne a cikinsu ke da alhakin wannan al'amari a sababbin unguwanni, kuma wa za a kama idan kare ya ciji yaro a barandar gidan abinci, mai karen ko mai wurin, sannan a buga mana amsar da suka bayar.

Na gode da ba ni wannan fili.

Naka,
Wani mai karatu