Sanarwa: Horon hana cin zarafi a wurin aiki

Assalamu alaikum shugabannin sassa, barkanmu da warhaka.

Ranar Alhamis mai zuwa, daga ƙarfe 10 na safe zuwa 12 na rana, za a yi mana horo ta Zoom kan hana cin zarafin ma'aikata. Wajibi ne ga duk mai ma'aikata a ƙarƙashinsa.

Nijeriya ta amince da Yarjejeniya ta 190 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda ta hana cin zarafi a harkar aiki, a 2022, kuma yarjejeniyar ba ta tsaya a ƙofar ofis ba. Saƙon batsa a waya da tsakar dare, ko takura a tafiyar aiki, duk cin zarafi ne. Mu ake fara kawo wa kuka, kuma "ki yi haƙuri, wasa yake" ba amsa ba ce. Za a nuna mana yadda ake karɓar ƙorafi cikin sirri, da kare mai ƙorafi daga ramuwar gayya.

Kowa ya turo sunansa da sashensa nan kafin Talata. A tanadi data da caji, kun san halin wuta. A bar kyamara a kunne.

Na gode, Allah ya bar zumunci.

Sashen Kula da Ma'aikata