A koya wa ɗalibanmu ɗage aiki a cikin manhaja tun da wuri

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka domin in ja hankalin malaman da ke koyar da rubuta manhaja a Garwa da Marwa da Ngaundere kan wani darasi da ake barinsa sai ƙarshen zango, ko ma a tsallake shi, wato yadda ake ƙunshe aiki a miƙa shi ga wani zaren aiki na daban (layin umarni da ke gudana a gefe cikin manhaja), a karɓi sakamakonsa daga baya.

Manhajojin da yaranmu ke haɗawa, na shaguna da na makarantu da na biyan kuɗi, za su yi aiki ne a wayoyi masu arha, a inda intanet ke zuwa yana ɗaukewa. Idan manhaja ta tsaya cak tana jiran amsa daga uwar garke, wato kwamfutar da ke ba ta bayanai ta intanet, allon waya zai daskare, kuma bayan kamar daƙiƙa 5 Android zai sanar cewa ta daina amsawa. Mai shago, ga mai saye a tsaye yana jira, zai danna maɓalli sau biyu ko uku, har a rubuta ciniki ɗaya sau biyu. Saboda irin wannan ne tun Android 3.0, a 2011, aka hana kiran intanet a kan babban zaren da ke kula da allo.

Dabarar ba ta da wuyar fahimta. Mace takan ajiye kwanon dawa a layin injin niƙa, ta koma gida ta hura wuta, ta dawo ta tarar ko dai da gari, ko da labarin cewa injin ya lalace. Haka manhaja ke miƙa aikin da zai ɗauki lokaci, ta riƙe wata shaida a hannu, ta ci gaba da sauraron mai waya. Shaidar nan tana cikin hali ɗaya daga uku: ana kan aiki, an gama ga sakamako, ko an gaza ga dalili. Abin da ya fi burge ni shi ne na ukun, domin kuskuren da ya faru a can wani zare ba ya ɓacewa, ana adana shi har ranar da aka zo karɓa, sannan a miƙa shi ga wanda ya aika.

Ba sabon ilimi ba ne. Daniel Friedman da David Wise sun yi rubutu a kansa a 1976, Henry Baker da Carl Hewitt kuma a 1977. Harsunan rubuta manhaja ma sun samar da kayan wannan aiki: Java ta kawo FutureTask a 2004 da CompletableFuture a 2014, C++ ta samu std::future da std::packaged_task a 2011, JavaScript kuma ta shigar da Promise a ƙa'idarta a 2015.

Inda ɗalibai suka fi faɗuwa shi ne su ƙirƙiri aikin, sannan a layi na gaba su kira get, umarnin karɓar sakamako, su tsaya jiran sakamako a kan babban zare, allon ya daskare kamar da. Wasu a C++ sukan zaɓi std::launch::deferred, wato tsarin jinkirta aiki, suna zaton aikin ya fara gudana a gefe, alhali ba zai motsa ba sai an nemi sakamakonsa, kuma a zaren mai neman zai gudana. Akwai kuma rashin sa wa'adin jira, wanda a wajenmu babban laifi ne, tunda amsa tana iya ƙin zuwa har abada. Mafi haɗari shi ne zare biyu su taɓa lissafi ɗaya a lokaci guda ba tare da kullen da zai sa ɗaya ya jira ɗaya ba. Irin wannan tsere tsakanin zare biyu yana cikin abubuwan da suka sa na'urar gashin cutar daji ta Therac-25 ta halaka majinyata tsakanin 1985 da 1987.

Roƙona ga malamai shi ne su shigar da wannan darasi a shekarar farko, kuma ranar duba aikin ɗalibi su kashe masa intanet a tsakiyar gwaji, su ga ko manhajarsa za ta gaya wa mai waya abin da ya faru, ta ba shi damar fasawa ko sake gwadawa.

Wassalam,
Wani malamin kwamfuta, Garwa, Kamaru