Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministan Lafiya Kan Jinkirin Gwajin Zazzaɓin Lassa

Mai girma Minista, Farfesa Muhammad Ali Pate,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, kukana a kan kwanakin da ke salwanta ne tsakanin ɗibar jinin majiyyaci da fitowar sakamakon gwajin Lassa.

A hunturun bara ƙanwata ta kwanta da zazzaɓi. Aka yi mata allurar maleriya, jiki bai sauka ba. Aka ce taifod ne, aka canza magani. Sai a kwana na biyar wani likita ya leƙa maƙogwaronta, ya yi shiru, ya ce a ɗebi jini a aika gwajin Lassa. A gabana ma'aikacin ɗakin gwaji ya rufe kwalbar, ya sa ta cikin wani mazubi, ya sake sa wannan cikin wani, sannan ya jera ƙanƙara a kula. Bawan Allahn nan ya yi aikinsa tsaf. Amma kular ta kwana biyu a ƙarƙashin tebur tana jiran motar da za ta ɗauke ta, mu ne ma muka riƙa sayo ƙanƙara muna ƙarawa. Sakamako bai zo ba sai bayan kwana huɗu. Allah ya tashi kafaɗunta, sai dai kunnenta na hagu ya tafi. Har yau sai an zagaya ta dama ake yi mata magana.

Ranka ya daɗe, kai likita ne, ka fi ni sanin cewa maganin ribavirin ya fi amfani idan an fara shi cikin kwana shida na farko. Ka san kuma a farkonta Lassa ba ta da maraba da maleriya. Ido ba ya gane ta, sai na'urar PCR mai laluben ƙwayar halittar cutar a cikin jini. Shi kansa gwajin na awoyi kaɗan ne. Hanya ce ke cinye kwanakin, da rashin wuta, da yankewar sinadaran gwaji.

Tun 1969 aka gano cutar nan a garin Lassa na jihar Borno. Ba na raina abin da aka yi tun daga lokacin: akwai ɗakunan gwaji a Irrua, Owo, Abakaliki, Bauchi da Gaduwa a Abuja. To amma Bauchi, jiharka, da Taraba suna sahun gaba wajen yawan masu kamuwa duk shekara, kuma mutumin ƙauyen da ke shanya hatsi a ƙasa, ɓera mai yaɗa cutar yana bi ta kai, ya yi nisa da waɗannan wurare. Jinkirin bai bar ma'aikatan lafiya ba. A Janairun 2020 Kano ta rasa likitoci biyu sanadin wannan cuta.

Lokacin korona an buɗe ɗakunan gwaji a kusan kowace jiha. Roƙona a bi sawunsu ɗaya bayan ɗaya, a ga wanda zai iya karɓar jinin Lassa ba tare da jefa ma'aikata cikin haɗari ba, a horar da su, a sa musu sola. Sannan a ware wa hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta ƙasa (NCDC) da jihohi kuɗin jigilar jini na dindindin, yadda duk kwalbar da aka ɗiba za ta bar asibiti a ranar, sakamakon kuma ya iske likita ta waya.

Cutar tana tashi ne da shigowar rani. Don Allah a yi wannan kafin Disamba.

Wassalam,
Yayan wata majiyyaciya, daga Arewa maso Gabas