Edita, A Tuna Da Marubuta Waƙa Da Masu Zayyanarmu Na Sudan

Assalamu alaikum Malam Edita, ina yi maka fatan alheri kai da ma'aikatanka.

Dan Allah ka ba ni fili in yi ƙorafi, duk lokacin da jaridu suka zo maganar adabin Hausa sai a tsaya Kano da Zariya da Sakkwato, mu Hausawan Sudan kamar ba mu taɓa riƙe alƙalami ba. Alhali kakanninmu da suka yo gabas bayan yaƙin Burmi a 1903, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a har suka kafa Maiwurno kusa da Sinnar, ai ba hannu rabbana suka zo ba, da gafakarsu suka zo cike da waƙoƙin ajami. Goggona a nan Gadarif da ka take rera waƙoƙin Nana Asma'u tana tankaɗe, ba ta taɓa ganin Sakkwato ba.

Masu zayyana kuwa su ne abin ya fi ci min rai. Malam zai zauna a tabarma da alƙalamin kara da tawadar ƙaro, ja da kore da rawaya, ya yi ta jan layi yana kewaye ayoyi a allon yaron da zai yi sauka, hannunsa ko rawa ba ya yi, 'yan Sudan suna kiran wannan zayyana sharafa. Ibrahim Salahi mai zane, haifaffen Umdurman a 1930, ɗan malami ne shi ma, ya ɗauki rubutun Larabci ya shigar da shi cikin zanensa, shi ya yi wa littafin Ursuz Zain na marubuci Ɗayyib Salih hotuna, a 2013 gidan adana zane-zane na Tate Modern da ke Landan ya baje kolin aikinsa. Wallahi ina alfahari da shi, amma namu malaman fa, ko sunansu babu mai rubutawa a jikin allon.

Ga yaƙi tun Afrilun 2023, har ɗakin karatu na Jami'ar Ahliyya a Umdurman wuta ta cinye, to ina ga takardun da ke akwatin tsoho a Damazin ko Kassala, waɗanda dama gara ta fara ci.

Ina roƙon samarinmu, wayar nan da ke hannunku ku ɗauki hoton takardun shafi shafi, ku naɗi muryar tsofaffi suna rerawa, ku tambayi sunan wanda ya tsara waƙar da wanda ya kwafa. Kai kuma Edita ka ware mana ko rabin shafi ne a wata, jami'o'in Bayero da Usmanu Ɗanfodiyo su ma su gani su neme mu.

Naka mai karatu,
daga Gadarif, Sudan