Sanarwa ga ƴan group: zaman Asabar kan kabon ɗin bakin teku

Salam jama'a, barkanmu da warhaka. Zamanmu na Asabar yana nan insha Allah, ƙarfe 4 bayan la'asar a Wuse, maudu'in shi ne wane bincike ya kamata a fara sa wa kuɗi game da kabon (sinadarin da tsirrai ke zuƙowa daga iska, wanda yawansa a sama ke ɗumama duniya) da dazukan mangurof (itatuwan da ke tsirowa a tabon bakin teku) da ciyawar ƙarƙashin teku ke adanawa.

Wasu na cewa mu da ke Abuja ina ruwanmu da teku, to ai a nan majalisar kula da sauyin yanayi take tun bayan dokar sauyin yanayi ta 2021, kuma mangurof ɗin Neja Delta shi ne mafi girma a Afirka. Ni a ganina a fara da laka, don yawancin kabon ɗin ba a jikin itacen yake ba, yana can cikin tabon da ruwa ya rufe inda babu iska sosai, ganye da saiwa ba sa saurin ruɓewa, sai an sa bututu an ciro lakar mita ɗaya ko fiye an auna kafin a san gaskiyar abin. Sannan in aka sare daji ko mai ya malala kamar yadda rahoton UNEP (hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya) na 2011 ya nuna a Ogoni da ke Neja Delta, kabon nawa ne ke komawa sama?

Akwai kuma kwakwar nipa da aka shigo da ita Kalaba a 1906 tana ta cinye wurin mangurof, a auna ko kabon ɗin da suke adanawa ɗaya ne. Taswirar ciyawar teku ma a taɓo ta.

Don Allah mai zuwa ya sa sunansa kafin Juma'a saboda kujeru, banda turo tallan data.