Ba daga ciki ba ne, mutumina

Assalamu alaikum, mutumina.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da maiɗakinka da yara. Ya Kumasi, ya kasuwar goro? Mu nan Zariya hunturu ya kankama, leɓe duk ya tsage.

Saƙonka ya iso, har da layukan nan na ƙarshe da ka rubuta kamar mai raɗa: wai iyali ta fara kau da kai in kana magana saboda warin baki, kuma wata uku ke nan kana shan maganin ulsa da jiƙon basir, shiru kake ji. Kwantar da hankalinka, daga ni sai kai. Ni ma na sha wannan kunyar, ban dai taɓa gaya maka ba. Autata ce ta tona min asiri. Na ɗauke ta a gaban baƙi, ta toshe hanci ta ce, "Baba, bakinka wari." Aka yi dariya, ni ma na yi yaƙe, amma daren nan barci ya ƙaurace min. Ashe shi ya sa ɗalibai ke ja da baya in na sunkuya duba littafinsu.

Sai da na shekara ina yawo da kanumfari da alawa a aljihu kafin na je wurin likitan haƙori. Da na fara yi masa bayanin cewa daga ciki warin yake, sai ya miƙo min ƙaramin cokalin roba, ya ce in kankaro can bayan harshena, in bari ya ɗan bushe, in shinshina. Wani farin abu ne ya fito mai yauƙi. Wallahi da na kai shi hanci sai da na ce a'uzubillahi. Ya ce to ga mai laifin nan. A cikin mutum 10 masu wannan matsala, 8 zuwa 9 daga bakin take, ba daga tumbi ba. Wasu ƙwayoyin cuta ne da ba sa son iska, suna maƙalewa a bayan harshe da ƙarƙashin dasashi, suna cin ragowar nama da madara, suna fitar da iska mai sinadarin farar wuta, irin warin ruɓaɓɓen ƙwai. Mai shi kuma ba ya ji, don hancinsa ya riga ya saba.

Ya kuma nuna min a madubi dattin da ya daskare kamar siminti a gindin haƙorana na ƙasa. Jinin da nake gani in na goge baki, wanda nake ɗora wa burushi laifinsa, ashe ciwon dasashi ne. Irin wannan datti ko ka kwana kana gugarsa ba ya fita, sai an kankare da na'ura. Kada ka saurari masu cewa wankin haƙori a asibiti yana sa su girgiɗa. Barin dattin ne ke cinye ƙashin da ke riƙe da su.

Ga abin da nake yi yanzu. Burushi da man goge baki safe da dare, minti 2 cikakku, kuma na dare ya fi muhimmanci. Sannan harshe, daga can baya in jawo gaba. Kwanakin farko za ka ji kamar amai zai zo, daga baya ka saba. Sai zaren sakace, domin tsokar tsire da ta kwana tsakanin turame biyu, tsinke ba ya kai mata. Ka gwada sau ɗaya ka shinshina zaren, ba sai na ƙara magana ba. Burushi kuma in ya yi wata 3 a canza shi.

Na san za ka ce ai ba ka rabo da asuwaki. Madalla, sunna ce, kuma yana aiki. Amma tsakani da Allah, yadda kake saƙala shi a gefen baki kana ciniki ba gugar baki ba ce. A bi haƙori ɗaya bayan ɗaya, a goge harshe, a riƙa yanke kan da ya tsufa.

Sai ruwa. Yawu shi ne mai sharar baki, shi ya sa warin ke tsananta da asuba da lokacin azumi. Kai kuwa yini kake kana ɗanɗana goro, ɓarɓashinsa na cike tsakanin haƙora, ruwa sai ƙishi ya kai maka wuya. Alawar nan mai sanyi yaudara ce, ƙamshin minti kaɗan, sukarinta kuma abincin ƙwayoyin ne. Tafarnuwa da ɗanyar albasa nasu daban, ta jini suke bi su fito ta huhu, sai dai a jira su wuce. Sigari kuwa ban tambaye ka ba, ka dai ce min ka bari.

In ka yi duk wannan mako 2 ko 3 babu sauyi, to a duba wani wurin: tsohuwar mura mai zubo majina ta maƙogwaro, ko wasu fararen tsakuwoyi masu ɗoyi da ke taruwa a ƙullutan gefen maƙogwaro, ko ƙwannafi mai tasowa. Ciwon ƙoda da na hanta da na siga ma suna canza warin numfashi. Tunda Baba, Allah ya jiƙansa, ya yi fama da ciwon siga, don Allah ka sa a gwada jininka. Asibitin koyarwa na Komfo Anokye yana da sashen haƙori, ga shi kusa da kai.

Maiɗakinka kuma ka gode mata, kada ka yi fushi. Ita za ka riƙa tambaya ko an samu sauƙi, hancinka ba shaida ba ne.

Ka gaida yara da mutanen zango. Goron da ka yi alkawari tun sallar layya har yau muna zuba ido.

Naka,
amininka na Zariya