Wasiƙa zuwa ga aminina da ke Leicester

Assalamu alaikum, mutumina.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da uwargida da yara. Wata 5 shiru kamar an aiki bawa garinsu! Ko sanyin Ingila ne ya daskarar maka da yatsu? Goggo kullum sai ta tambaye ni ko za ka zo bikin autarta bayan Sallah, na ce zan ji daga bakinka.

Amma abin da ya sa na kasa haƙuri shi ne abin da ya faru ranar Talata. Ka tuna tumfafiyar nan ta bayan ɗakin gwaje-gwaje? Na fita wurin da 'yan ajina, da ragar da muka ɗinka da tsohon gidan sauro, suka kamo malam-buɗe-littafi guda 2, jajaye ruwan goro, bakin fiffike baƙi da ɗigon fari. Kowa ya rantse iri ɗaya ne. Sai da muka sa gilashin ƙara girma muka ga na biyun ba shi da jerin ɗigon baƙi da ke tsakiyar fiffiken baya. Na farkon tun yana tsutsa ganyen tumfafiya yake ci, dafin nonon ya zauna a jikinsa, tsuntsun da ya haɗiye shi sai amai, ba ya ƙarawa. Na biyun ba ta da dafi ko kaɗan, rigar kawai ta ara. Na ce "ta" domin macen ce kaɗai ke yin wannan shiga, namijinta baƙi ne mai manyan tabo farare. Wallahi hannuna har rawa yake, shekara nawa ina koyar da abin nan daga allo!

Kuma ka san wanda ya fara bayyana wa duniya wannan dabara? Ɗan garin da kake zaune ne, kai kuwa kana can ba abin da ka sani sai hanyar kantin Indiyawa mai sayar da yaji. Henry Walter Bates, an haife shi a Leicester a 1825. Yana ɗan shekara 13 aka kai shi koyon sana'ar safa, sai an tashi aiki yake karatu, ranar hutu ya shiga daji neman ƙwari. A garin ya haɗu da Alfred Russel Wallace, wani mai sha'awar nazarin halittu kamarsa, a 1848 suka hau jirgin ruwa daga Liverpool zuwa Pará a Birazil, ba gadon kowa a aljihunsu. Abin da suka kama suke aika wa dillalinsu Samuel Stevens a Landan, ya sayar, su samu na abinci. Wallace ya juyo a 1852, jirginsa ya kama wuta a teku, kayan da ya tara suka ƙone. Bates ya zauna shekara 11 cur a yankin kogin Amazon.

Nan ne zuciyata ke karyewa. Shawara ta kama shi, daga baya zazzaɓin cizon sauro, yaron da ke masa hidima ya gudu, aka yi masa sata, har ya kai ga yawo ba takalmi a garin Ega. Kaɗaici ya sa mujallar da ta iso masa yake maimaitawa, har tallace-tallacen ciki sai ya karance. Duk da haka da safe yana daji da raga, da rana yana zaune yana soke ƙwari da allura yana rubuta wa kowanne bayaninsa. Ya ƙirga irin malam-buɗe-littafi wajen 700 a tafiyar sa'a 1 daga Pará, alhali na duk Birtaniya a lissafinsa ba su wuce 66 ba. Da ya tashi komawa a 1859 ya tara nau'in halittu 14,712, kusan 8,000 masana ba su san da su ba, ya raba kayan a jirage 3 don gudun abin da ya sami abokinsa. Bayaninsa kan masu aron rigar ya fito a 1862, shahararren masanin halittu Charles Darwin ya yaba ƙwarai. Amma aikin da Bates ya samu na mataimakin sakatare ne a ƙungiyar masana labarin ƙasa ta Landan, daga 1864 har rasuwarsa a 1892. Ni dai ina ganin ba a biya mutumin nan haƙƙinsa ba.

Af, mai shayin bakin tasha ya yi ta uku, ya ce in gaya maka bashinka na nan a rubuce. Rijiyar unguwa kuma an yashe ta, sai dai ruwan bai kai na da daɗi ba.

Damuwata yanzu kiyashi. Wanda muka fara busarwa, kafin gari ya waye sun cinye cikinsa, fiffike kawai suka bari a kwali, yarinyar da ta kamo shi har da hawaye. Bates rataye kejin busarwarsa yake a rufin ɗaki, ya shafe igiyar da mai mai ɗaci don kada su sauko. Na gwada da man darbejiya, kwana 3 ke nan ba su taɓa ba. Allurar ɗinki kuwa kauri gare ta, tana fasa ƙirjin ƙwaron, ga tsatsa. Don Allah ka nemo mana siraran alluran da ake soke ƙwari da su, ko fakiti 2 ne, ka ba duk mai tahowa. In kuma ka sami sarari ka leƙa gidan tarihin garin, ka ɗauko mana hoton duk ƙwaron da ka gani a akwatin gilashi, yaran nan sun matsa su ga yadda ake jera su.

Ka gaida uwargida, ka shafa mini kan takwarana.

Naka har kullum.